Hannu a Sama, Reshe Ba Kowa

Ga ta nan tafe gare ku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na nan.

A wani ƙaramin gari an yi wani dattijo mai gyaran agogo, wanda ba shi da abin so kamar tsuntsayen da ke kwana a kan mangwaron bayan laburare. Da ya rufe shago, can za ka same shi har su gama hayaniyarsu ta yamma.

Ana nan sai garin ya shirya taron marubuta, irin masu rubutu a kan daji da rafi da duwatsu. Ƙanwarsa, shugabar makarantar firamare, ita ce uwar taro, ta kuwa ba shi fili ya karanta nasa, karo na farko a rayuwarsa. Shi kuma rubutun nasa bai ƙare a takarda ba. Dabararsa ita ce in ya kai layin ƙarshe ya ce, "Sauran ku ji daga bakinsu," a yi tsit, tsuntsaye su ƙarasa masa.

Don haka ya roƙa a yi taron a gindin bishiyar. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka ɗaure lasifika a jikin reshe, janareta kuma aka jingina shi da gindin. Tun hantsi marubuta ke hawa suna sauka, kowa na yabon shirun daji da iya ƙarfin makirufo.

Da rana ta yi sanyi ya ja ƙanwar gefe.

"Auta, in na ɗaga hannu a kashe injin nan."

"Haba Yaya, fanka fa za ta tsaya, baƙi su narke."

"Ba wanda zai mutu."

"Kai dai da abokanka masu fiffike! Ko gaisuwa ba su taɓa aiko maka ba."

Ya hau ya karanta, tabarau na zamewa. Ya kai ƙarshe, ya ɗaga hannu. Aka kashe inji. Kowa ya ɗaga kai sama. Ganye ne kawai. Wani ya yi tari, wata kujera ta yi ƙara. Ashe tun safe ƙarar ta kori tsuntsayen, ko ɗaya bai dawo ba. Bawan Allah ya bar hannun a sama har ya gaji.

Can sai wata baƙuwa ta miƙe tana tafi.

"Kun gani? Ya nuna mana duniya in babu tsuntsaye!"

Rumfa ta ɗauki tafi. Ya buɗe baki zai gyara zancen, aka tayar da inji.

Shi aka ba kyautar farko, kofi mai ƙyalli, yana nan a shago yana zuba ƙananan kusoshi a ciki. Auta ta ce daga yanzu a gindin mangwaron za a riƙa yin taron duk shekara, haka kuwa ake yi. Tsuntsayen suka koma wata bishiya a bayan garejin makanikai. Dattijon bai sake rubuta komai ba.