Kurciyar Aji Huɗu

Baba Barau ya riga ya ɗaga sandar ƙarfen, yana tsaye a gindin tsamiya, ya karkata kunne wajen tagar 'yan aji huɗu. Jira yake kurciya ta yi kuka. Can sai ga kukan ya taso, kuu-kuru-kuu, a shaƙe, daga ƙarshe har da ɗan tari. Ya girgiza kai, ya sauke sandar a kan tsohon ƙarfen tayar motar da ke rataye a reshe. Ƙarar ta ratsa makarantar, yara suka ɓarke daga azuzuwa suka nufi ɗakin cin abinci.

"Kurciyar yau mura take yi," ya ce a ransa. "Ɗan'azumi ne wannan, ko shakka babu."

Shekararsa goma sha biyar yana kaɗa ƙararrawa a wannan makarantar kwana ta maza da ke bayan garin Birnin Kudu. Shekarar da aka sami 'yancin kai ya baro Kwandiko, can ƙasar Gwaram, ya zo leburancin gini. Gini ya ƙare, leburori suka watse, shi ya maƙale. Bai taɓa ɗaura agogo ba. Duwatsu ya jera a kewayen sandar tuta, inuwa ta hau wannan dutse ya kaɗa ƙararrawar shiga aji, ta hau wancan ya kaɗa ta tashi, kuma yana gusa su kaɗan-kaɗan gwargwadon yadda rana ke sauya hanya a shekara. Malamai masu agogon Ingila da ƙararrawarsa suke saita nasu.

Sai shekarar fari ta zo, yau shekara biyu ke nan. Motar abinci takan yi mako ba ta iso ba, malmalar tuwo ta koma kamar ƙwan zabuwa. Manyan ɗalibai suka riƙa gutsura nasu suna tura wa 'yan aji ɗaya, suna cewa wai sun ƙoshi. Matarsa Barira kuwa kullum da yamma tana bayan ɗakinsu tana kwaɗa zogale da rama, yaron da jiri ya ɗauka a filin wasa can ake kai shi. Shi kuma Baba Barau sai ya riƙa kaɗa ƙararrawar tashi daga wasanni tun inuwa ba ta kai dutse ba, don kada a gama da sauran ƙarfin yara. Wannan da gangan yake yi.

Wanda ba da gangan ba shi ne abin da ya biyo baya. A wannan shekarar ta fari ce yanar ido ta rufe masa gani. Duniya ta koma fari-fari, kamar ana kallonta ta cikin ruwan tsari, mutane suka zama inuwoyi masu magana. A mako guda sau uku ya kaɗa ƙararrawa ba daidai ba. Rana ta huɗu yana tsaye yana lalube da ƙafa wajen duwatsunsa, sai ya ji kurciya ta yi kuka daga wajen aji huɗu.

To, a lokacin ko kurciya ɗaya babu a yankin, yunwa ta sa an ɗana musu tarko an cinye. Ballantana mutumin da ya tashi yana korar tsuntsaye a gonar dawa, ai ba za ka haɗa tafin hannu ka busa ka ce masa kurciya ce ba. Ya gane yara ne ke nuna masa lokaci, ya kaɗa, ya yi shiru da bakinsa. Wani tsohon agogon tebur yaran suka samo mai fasasshen gilashi, suka ɓoye a akwatin wanda ke zama bakin taga. In 'yan aji huɗu suka wuce gaba, sai su bar wa na bayansu agogon da aikin. Su a zatonsu tsoho ya yarda tsuntsuwa ce. Shi ma yakan taya su, in ya ji takunsu kusa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ikon Allah! Kurciyar nan ta fi Bature sanin lokaci."

Da rana ya koma ɗaki yana ƙirga taku, arba'in da bakwai daga tsamiya zuwa ƙofa. Barira ta ajiye masa kwano, ba ta tashi ba.

"Malam, ka ji motar da ta shigo ɗazu?"

"Na ji guda biyar. Tsofaffin ɗalibai ne, yau suke taronsu. Kuɗin man fetur ya sa kowa ya sayi mota."

"Ba su nake nufi ba. Ta gwamnati. Matar kukun makaranta ta ce wani jami'i ne daga ma'aikatar ilimi a Kano, Malam Badaru. Wai ƙananan ma'aikata yake dubawa, wanda jikinsa ya gaza a sallame shi."

Ya tsame hannunsa daga kwanon.

"In aka sallame mu ina muka nufa?" ta ce. "Gonar Kwandiko 'yan'uwanka sun raba tun tuni. Ɗakin nan ma na makaranta ne."

"Wa ya ce na gaza? Kin taɓa jin na makara?"

"Ni kake faɗa wa? Ni da nake jera maka takalmi a inda ƙafarka za ta same su?"

Tsoro ne ya kama shi sosai, irin wanda ke sa abinci ya zama ƙasa a baki. Ba yunwar Kwandiko ce ta fi damunsa ba. Tunanin gari ya waye wani ya riƙe sandar nan, shi ne abin da ya kasa haɗiyewa.

Bayan azahar ya koma gindin tsamiya ya jingina. Zafi ya yi nauyi, iska ta tsaya, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ya ga kansa yaro a kan rumfar gona, dawa ta yi kai ta sunkuya, sararin sama shuɗi tas kamar an rina. Kurciyoyi suka sauko garke guda, ya ɗaga majajjawa zai kore su, sai ya ga kowace da farar riga da gajeren wando irin na makaranta. Suka zauna masa a kafaɗa, a gwiwa, a ka, ba su da nauyi ko kaɗan. Yana cikin dariya ya ji an taɓa shi.

"Baba, shugaban makaranta ya ce ka zo fili. An taru."

Muryar a shaƙe take. Ya kama hannun yaron ya miƙe.

"Ɗan'azumi, ka riƙa shan citta da kanumfari. Murar nan ta yi maka yawa."

"To, Baba."

A filin taro ba ya ganin kowa, amma hancinsa da kunnensa sun gaya masa komai: ƙamshin turaren manya, ƙarar sabuwar shadda, numfashin yara ɗari biyar zaune a ƙasa. Aka zaunar da shi a kujera, abin da bai taɓa faruwa ba. Shugaban makaranta, Malam Mika'ilu, ya yi maraba da baƙi, ya ambaci Malam Badaru da ke gefensa. Aka kira kuku aka ba shi riga, aka kira mai wanki aka ba shi bargo, yara na ta tafi. Sannan shugaban tsofaffin ɗalibai ya miƙe. Baba Barau ya gane muryar nan take. Dogara ne, wanda a da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi da asuba, yanzu an ce injiniya ne a Legas.

Dogara ya daɗe yana yabo. Ya ba da labarin duwatsu da inuwar tuta, aka yi dariya. Ya ce mutumin da ya koya musu mutunta lokaci bai kamata a ce har yau ba shi da agogo ba. Da hannunsa ya ɗaura masa, mai sanyi, mai nauyi. Shi dai Baban da ya bari shekara goma da suka wuce yake gani, mai hango yaro ya tsallake shinge daga ƙarshen fili.

"To, Baba," in ji Dogara cikin fara'a, "yau dai ka huta da duwatsu. Duba ka faɗa wa jama'a, ƙarfe nawa?"

Filin ya yi tsit. Baba Barau ya ɗaga hannu ya kawo agogon kusa da fuska. Wani ɗan haske kawai ya gani, zagayayye, kamar wata a cikin rijiya. Ya ji ƙarar takarda a hannun jami'in, ya ji an zare murfin alƙalami.

Sai daga bayan taro kurciya ta yi kuka, a shaƙe. Sau ɗaya, biyu, uku, huɗu. Kafin ta rufe baki wata ta karɓa daga dama, wata daga hagu, kowace sau huɗu. Kowane yaro tsoro yake kada tsoho ya kasa ji, saboda haka kowa ya taimaka. Nan da nan filin ya cika da kuka ƙasa-ƙasa, kamar dajin da ya gani a mafarki ya sauko makaranta. Yaran kirki, garin ɓoye asiri suka tona shi gaba ɗaya.

Abin da ya rage masa kawai ya ce ƙarfe huɗu. Kalma biyu. Amma ya tuna shekara biyu yaran nan suna ɗauke da shi a ɓoye, ga shi yau sun tafa wa waɗanda aka ba bargo da riga, su kuwa ba wanda ya tafa musu. Ya ji ƙwalla ta cika idon da ba ya gani da shi. Ya miƙe.

"Ranka ya daɗe," ya ce, yana fuskantar inda ya ji ƙarar takarda, "ban ga komai ba. Shekara biyu ke nan ba na gani. Waɗannan su ne idona." Ya juya wajen yaran. "Ku kuma, tun ranar farko na sani. Ni ɗan Kwandiko ne. A ina kuka taɓa jin kurciya tana tari?"

Dariya ta tashi ta mutu nan da nan, don kowa ya tuna da alƙalamin. Dogara ya dafa kafaɗarsa.

"Baba, wallahi ban sani ba. Ka yafe mini."

"Me ka yi? Kyauta ka kawo, ta kuma sami masu ita." Ya kwance agogon ya miƙa cikin iska. "Ɗan'azumi, zo ka karɓa wa aji huɗu. Wancan naku ya tsufa, ranar Talata ma minti biyu kuka makara."

"Malam Mika'ilu," in ji jami'in, "kana da labarin wannan?"

"Tagar ofishina ma tsamiyar take kallo," shugaban ya amsa. "Kuma ban taɓa rufe ta ba."

Aka ji Malam Badaru yana juya takardu, gaba, baya, ya sake komawa gaba.

"Ni dai takardar da aka ba ni," ya ce a hankali, "a layin mai ƙararrawa tambaya ɗaya ce: ana kaɗawa a kan lokaci ko ba a kaɗawa? Yanzu huɗu ta wuce da minti uku, ban ji komai ba. In ta kai biyar, dole in rubuta."

Baba Barau bai jira a kama masa hannu ba. Yara suka dare, suka buɗe masa hanya, ya bi ta tsakiyarsu da sauri, rigarsa na taɓa kawunansu. Ya laluba sandar a inda yake jingine ta, ya kaɗa ta la'asar da ƙarfin da ya sa tsofaffin ɗalibai, da manyan rigunansu, suka zabura suka miƙe tsaye ba su sani ba.

Da yamma motoci suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Dogara ya yi rantsuwa zai dawo ranar Asabar ya kai shi asibitin ido a Kano. Barira ta ce Allah ya sa, ta koma ta ɗora tukunya, tana share fuska da gefen zane.

Rana ta yi sanyi, yara na filin ƙwallo ban da mai tsaron agogo, saura ƙararrawar tashi daga wasanni. Baba Barau na tsaye da sandarsa, iska mai ƙamshin hadari na tasowa daga gabas. Sai ya ji kuka a saman kansa, cikin rassan tsamiya, mai taushi, mai zurfi, ba gaggawa. Hannunsa ya ɗaga da kansa, sannan ya tsaya. Wannan ta gaske ce, ta farko tun shekarar fari.

Ya saurare ta har ta gama.

"Sannu da dawowa," ya ce mata. "Amma ki yi haƙuri, an riga an ba wani aikin."

Ya mayar da sandar ƙasa bai kaɗa ba, ya karkata kunne wajen tagar aji huɗu, yana jiran mai mura.