Tsintsiyar da Gwani Bai Ja Ba

Ni na fara gani, duk wanda ya ce shi ne, ƙarya yake. Ina zaune kan bencina da safe, ƙofar gidan Mai Agogo a buɗe tana kallona, na hango ruwan famfo ya malalo kan sabon simintin tsakar gidansa, ya kwanta kamar mai a faranti. Sai ga shi ya fito daga ɗaki, kofin aski a hannu, tawul a wuya. Bai yi nisa ba ƙafar dama ta tafi ta bar shi. Ƙarar da ƙugunsa ya yi da ƙasa, na san ta. Ni da bango ya taɓa ruftawa a kaina, ni da na faɗo daga saman gini ina lebura na tashi na kaɗe riga, ban taɓa zama a aji ba amma na san kukan ƙashi in ya karye. Kofin kuwa ya yi ta juyi a kan simintin nan, yana tafiya shi kaɗai har jikin bango.

Amma ba labarina zan ba ku ba, ko da yake ya fi daɗi. Labarin Gwani ne, maginin da ke zaune a gidan da ke jikin na Mai Agogo, wanda ya zuba simintin da hannunsa.

Gwani ya shigo a guje ba takalmi, shi ma sai da ya dafa bango kafin ya tsaya. Matar Mai Agogo, wadda duk layin ke kira Goggo, tana durƙushe ta tallafe kan mijin.

"Kar ku ɗaga ni tukun," in ji Mai Agogo, muryarsa can ƙasa. "Ku duba min agogon hannuna. Gilashin ya fashe?"

"Baba, bar ta agogo," in ji Gwani.

"Kai ka bar ta. Ya girme ka."

Goggo ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga kai ta dubi Gwani, ta dubi ruwan da ke ƙasa, ta mai da idonta kan mijinta. Wannan kallon ne Gwani ya ɗauka tare da tsohon zuwa motar aikinsa, kuma kallon ya fi tsohon nauyi.

Ga yadda abin ya faro. Tsakar gidan nan ƙasa ce mai lotsawa, in an yi ruwa sai ta zama taɓo, Goggo ta riƙa jera bulo tana tsallakawa. Mai Agogo kuwa mutumin Gwani ne. A ɗakinsa Gwani ke ajiye kayan aiki in zai yi tafiya, a famfonsa matar Gwani ke ɗiban ruwa in nasu ya ɗauke. Gwani ya daɗe yana cewa zai rama alheri.

Sai kamfanin da yake wa aiki ya kawo sababbin injina biyu don zuba daɓen wani babban ɗakin ajiya. Ɗaya na danne ƙasa ne, leburori suna ce masa kwaɗo saboda tsalle yake yana kirɓa. Abin da mu a zamaninmu mukan wuni muna yi da gungumen ƙarfe har kafaɗa ta mutu, shi kafin shayi ya huce ya gama. Ɗayan na goge siminti ne, mai fukafukai a ƙasa suna juyawa, suna ce masa helikwafta. Gwani ya ƙware a kansa har babban magininsu ya yarda ya ara masa su ranar hutu.

Ranar duk layin ya taru a gidan Mai Agogo. Kwaɗo ya yi ta tsalle har kwanonin Goggo suna rawa a kan kantar ɗakinta, ƙasar ta danne ta zama dutse. Aka zuba kankare, aka baje, aka jira ya sha iska. Sannan Gwani ya tada helikwafta.

To, akwai abin da kowane magini ya sani, ko wanda jiya ya fara riƙe cokalin gini. Cikin ɗaki a goge ya yi sulɓi. Amma inda ruwa ke zuba, bakin famfo da tsakar gida, sai an ja tsintsiya a kai tun siminti bai gama kamawa ba, ya yi kaushi, ƙafa ta sami abin riƙewa. Gwani ya san haka. Har tsintsiyar ya zo da ita, mai tauri mai doguwar ƙota, ya jingine ta jikin bango kusa da famfo. Niyyarsa ya ɗan zagaya da injin ya daidaita wurin, sannan ya ja ta.

Sai dai injin ya yi abin da hannu bai taɓa yi ba. Zagaye na farko simintin ya kwanta, na gaba ya yi duhu, na gaba ya soma sheƙi. Mutane suka matso. Mai Agogo ya ɗauko ɗan madubin da yake maƙalawa a ido in yana gyara, ya sunkuya yana dubawa.

"Ke zo ki gani," ya ce wa matarsa. "Ga fuskata a ƙasa. Shekara nawa ina goge gilashi ban taɓa fitar da irin wannan ba."

"Ka ga furfurarka dai," in ji Goggo.

"Gwani, ashe sunan ba na banza ba ne."

Gwani ya kashe injin ya share gumi. Ya dubi tsintsiyar. Ya taɓa simintin da yatsa, ya san in bai ja ta yanzu ba, an gama. Mutane na ta sa masa albarka, wani na tambaya ko zai zo ya yi masa nasa shagon. A nan Goggo ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, ba zai yi santsi ba in ya jiƙe?"

"Haba Goggo," in ji Gwani. "Injin zamani ne. Waɗanda suka ƙera shi sun san abin da suke yi."

Ta ce to. Ya kwashe kayansa a mota, ya bar tsintsiyar a inda take.

A asibiti aka ce ƙashin kwatangwalo ne, kuma ƙashin tsoho ba ya jin lallashi. Suka yi abin da za su iya, aka dawo da shi gida ya kwanta. Kwanciya kuwa ita ke cin tsofaffi, ni shi ya sa ko zazzaɓi nake a zaune nake yin sa. Ba a jima ba tari ya kama shi, ƙirji ya soma kuka.

Gwani ya zama ɗan gida. Shi ke juya tsohon, shi ke ɗaga shi a canja shimfiɗa, shi ke kawo magani. Kullum in zai tafi Goggo sai ta ce, "Sannu ɗan nan, Allah ya saka." Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. A wajen aiki in ya kama hannun helikwafta sai ya sake shi, ya miƙa wa wani. Matarsa ta ce ya rame, ya ce zafi ne. Abin da ke cinsa ɗaya ne: ya faɗa wa tsohon tun yana da rai, ko ya bar shi ya tafi bai sani ba.

Wata rana da la'asar Goggo ta fita sayen magani, ya zauna bakin gadon. Ɗakin na warin man zafi. Agogunan mutane da ba a karɓa ba suna rataye a bango, kowanne da lokacinsa, wasu sun tsaya tun da mai murza su ya kwanta.

"Baba, akwai maganar da nake so in yi."

"In ta aure ce, na yi tsufa da rakiya."

"Simintin nan. Ai bai kamata in bar shi haka ba. Tsintsiya ake ja. Na sani, na zo da ita ma, sai..."

"Silifas ne," in ji Mai Agogo. "Gindinsu ya cinye tun bara. Ta yi ta faɗa in sake, na ƙi."

"Ba silifas ba ne, Baba."

"Kai ka faɗi ko ni?" Tari ya sarƙe shi, Gwani ya tallafe shi har ya lafa. Da ya sami numfashi ya nuna ƙofa da haɓa. "Ɗage min labulen nan."

Gwani ya ɗage. Rana ta karkata, ta zubo kan tsakar gidan, simintin ya ɗauke ta ya watso haske har rufin ɗakin, yana rawa a kan agogunan.

"Ka gani? Da wannan nake sanin lokaci yanzu. Gidan nan tun da na shige shi taɓo nake kallo. 'Ya'yana sun yi waya suna cewa a fasa shi a sake. Kar ka bari. Ka ji ko?"

"Baba..."

"Ka ce ka ji."

"Na ji."

Gwani ya zo a sauke masa kaya, aka ƙara masa wani. Ko tsohon ya gane ya ƙi karɓar maganar ne, ko da gaske silifas ɗin yake zargi, Gwani bai sani ba, kuma bai sake samun damar tambaya ba. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Goggo na ba shi ruwa a cokali, ya kau da kai ya cika. Labulen a ɗage yake.

Masu gaisuwa suka cika gidan, kowa in ya shigo sai a ce masa, "A hankali, akwai santsi." Gwani na zaune a gefe, kowace faɗa kamar da shi ake. Aka watse, 'ya'yan suka koma garuruwan aikinsu, aka bar Goggo ita kaɗai.

Daga nan ne Gwani ya soma ganin ta ta saman katanga. In za ta je famfo sai ta bi jikin bango tana dafawa, bokiti a ɗaya hannun, tana jan ƙafa kamar mai tsallaka rafi. Wata safiya ƙafarta ta ɗan zame, bokitin ya tuntsire, ta rungume bututun famfon ta tsaya tana haki. Gwani ya tsaya riƙe da kofin shayinsa har ya huce. Ya yi wa mamaci alkawari, ga mai rai tana bin bango.

A kamfaninsu akwai injin da ke kankare fuskar siminti, da ya aro shi da kafin azahar ya gama da tsakar gidan duka. Bai aro ba. Ya ɗauko guduma da ƙarfen sassaƙa, ya yi sallama ya shiga.

"Goggo, zan yi miki hanya. Daga ƙofar ɗaki zuwa famfo, da zuwa madafi. Sauran ba zan taɓa ba, ya ce kar a taɓa."

Ta dube shi ta daɗe, sannan ta jawo kujera ta zauna a inuwa.

Ya durƙusa ya fara. Simintin da ya goge da injin zamani ya yi taurin da ƙarfen ke tsalle, kowane sara ɗan tsaki kawai yake fitarwa. Ya yi ta yi, sara kusa da sara, faɗin tafiyar mutum ɗaya. Rana ta hau, hannunsa ya yi bororo ya fashe. Bai ɗaga kai ba sai da ya kai bakin famfo.

"Na tambaye ka ranar," in ji Goggo daga bayansa. Ba faɗa a muryarta.

Gudumar ta tsaya. "Kin tambaya, Goggo."

"Ka ce injin zamani ne."

"Na faɗa. Kuma na san ba haka ba ne."

Can ta tashi, ta taka sabuwar hanyar, ta bi ta a hankali ba ta dafa komai ba, ta shiga madafi. Ta fito da tsintsiya mai doguwar ƙota, bakinta ko lanƙwasa bai yi ba.

"Ga abarka," ta ce. "Tun ranar take nan, ban taɓa shara da ita ba. Share tsakin nan kar ya soki ƙafar wani."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya share, ya tara a bakin ƙofa, ita kuma ta buɗe famfo ta tara bokitinta.

Ni duk a kan idona aka yi, daga bencin nan da na binne sa'o'ina kaf ina zaune a kansa. Wanda ya ce ƙari na yi, ƙofar a buɗe take, ya zo da la'asar. Zai tarar da hanya mai kaushi ta ratsa tsakar gida, gefe da gefe kuma siminti na watsa rana cikin ɗakin da ba kowa. In ya isa, ya zuba ruwa ya taka gefen mai sheƙin. Ina nan zaune, zan ji ƙarar.