Bijimin da Ya Ƙi Taka Ƙarfe

Kwana huɗu da ƙetare iyaka suka iso wani gari, suka tarar an gindaya itace a babbar hanya. Auta ta rako yayarta sayen kekunan ɗinki ne, mijin yayar kuma, wanda kowa ke kira Direba, shi ke tuƙa su. Ya sauka ya yi ta gwaranci da ɗan abin da ya tsinta na harshen mutanen, ya dawo yana sharce gumi.

"Bikin bijimai suke yi. Ba motar da za ta wuce sai la'asar. Ku sauko mu ba ido abinci."

Suka sami wuri a bakin igiyar da aka kewaye filin bikin da ita, dab da ƙofa. Auta ta maƙale a bayan Yaya, bakin mayafi a haƙori. Direba ya jiyo musu ƙa'idar: kowa zai shigo da bijiminsa ta wannan ƙofa ya zaga fili sau ɗaya. Usur uku ake busawa. Wanda na uku ya same shi a waje, sai baɗi.

Bijimai shida suka wuce. Na bakwai ja ne mai farin goshi, ƙahoninsa sun sha mai, tozo kamar tulu. Mai shi wani tsoho ne, da sabuwar riga wadda ko karin ninki bai sake ta ba, ƙafafunsa buɗu-buɗu da ƙurar tafiya. Suna isa ƙofa bijimin ya kafe.

Ƙarti uku suka ja igiyar bijimin, biyu suka murɗe wutsiya. Ko gezau. Aka busa usur na farko, fili ya ɗauki dariya. Tsohon ya kifa goshinsa a wuyan bijimin yana yi masa magana.

Auta a gindin turke ta tashi, tun tana rarrafe take ganin babanta na kiwon bijimai. Ba ta kalli ƙartin ba, inda dabbar ke kallo ta bi da ido. Kwata ce ta ratsa bakin ƙofar, an rufe ta da ragar ƙarfe, ruwa na walƙiya a ƙasa. Bijiman gari sun saba taka ta. Wannan daga gani bai taɓa taka komai ba sai ƙasa.

"Ba taurin kai ba ne," ta ce can ƙasa-ƙasa. "Ƙarfen nan yake tsoro."

"La! Bebiya ta yi magana!" in ji Direba. "To malamar shanu, je ki gaya musu mana. Da wane bakin?"

"Ka bar mini ƙanwa ta sarara," in ji Yaya.

Aka busa na biyu. Wani ƙato ya taho da gora yana naɗe hannun riga. Tsohon ya tare shi da ƙirji, aka ture shi gefe.

Auta ba ta san lokacin da ta sunkuya ta ƙarƙashin igiya ba. Ta fizgo buhunan dusa biyu da aka rataye a shinge, ta shimfiɗa a kan ragar, ta durƙusa tana kwaso ƙasa da hannu bibbiyu tana watsawa, har da busasshen kashin shanu da guntayen ciyawa. Mai gadin ƙofa ya daka mata tsawa. Amma ba ta ɗago ba sai da ƙyallin ya ɓace ƙurmus.

Ta miƙe ta yi wa masu murɗa wutsiya alama da hannu, irin yadda ake korar kaji. Abin mamaki, suka ja da baya. Ta miƙa wa tsohon hannu, ya dube ta, ya karɓo igiyar daga hannun ƙartin ya ɗora mata. Ba ta ja ba. Ta sassauta har igiyar ta yi ciki, ta sosa wa bijimin gindin kunne, ta ƙyasta harshe sau biyu, sannan ta juya masa baya ta taka buhunan a hankali.

Bijimin ya sunkuyar da kai ya shinshina, ya yi huci. Ya ɗora kofato ɗaya, ya saurara. Ya ɗora na biyu. Mai usur, da ya riga ya cika kumatu da iska, ya zare shi daga baki.

Sowa ta tashi kamar fili zai tsage. Can a bakin igiya Direba na tsalle yana dukan ƙirji: "Ƙanwata ce! A motata ta zo!" Yaya ta rangaɗa guɗa har uku.

Auta ta juyo za ta mayar da igiya ta tsere. Tsohon ya ɓoye hannayensa a baya, ya nuna mata filin da haɓa. Haka suka zaga, ita a dama, shi a hagu, jan bijimi a tsakiya yana taku ɗai-ɗai kamar ango. Da suka iso gaban alƙalan bikin, bijimin ya ɗaga kai ya saki wani ruri da ya danne ganguna, tsohon kuwa ya cire hula ya cilla sama, ya shiga taka rawa.