Matar Gindin Tsamiya

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin mutum da aljan, tsira da aminci ga Manzonsa.

A Dogon Daji, Hamdiya 'yar Malam Maccido ta daina zuwa Islamiyya, domin hanyar tana bi ta gindin wata tsamiya. Da uban ya bincika, sai ya samu wani tsohon littafin yara a ƙarƙashin tabarmarta. Ya gane shi. Labarin wata aljana ne mai kiran yara da sunansu daga cikin tsamiya. Shi ma yana yaro a tsakiyar littafin ya tsaya saboda tsoro. A lokacin ya so jefa shi juji, amma da Bismillah aka buɗe shi, ba a kuwa wulaƙanta sunan Allah. Sai ya cusa shi cikin azarar ɗakin marigayiya mahaifiyarsa, inda yanzu yarinyar ta tono shi.

"Baba, ƙone shi," in ji Hamdiya.

"Sai na duba ko da aya ciki tukuna, ɗiyata."

Bayan la'asar ya zauna a zaure yana bin shafukan ɗaya bayan ɗaya. Da furfurarsa, tsigar jikinsa ta tashi a daidai inda ta tashi a da. Amma neman aya ya hana shi ajiyewa, har ya wuce wurin. Ashe aljanar ɗanta ne ya ɓata, kowane yaro ta gani sai ta zaci shi ne. Maccido, wanda ya binne ɗa da hannunsa, ya daɗe bai juya shafi ba.

Ya kira Hamdiya.

"Ina kinka tsaya?"

"Inda aljanar ta kira sunan yaron labarin."

"Ni ma nan. Gadon tsoro kinka yi, ba laifinki ba ne. Zauna mu ƙarasa."

Ya karanta mata har inda yaron ya yi wa aljanar sallama, ta amsa, ta ba shi hanya.

Hamdiya ta ce, "To ta gano ɗan nata?"

"Marubucin bai faɗi ba."

Washegari ta ɗauki allonta. Ta roƙi uban ya raka ta, amma a bakin tsamiyar ita ta riga shi yin sallama.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da 'ya'yanmu da suka riga mu, Ya sanya natsuwa a zuciyar wanda ya karanta. Amin.