Ranin da aka hana shanun Ja'afaru sauka

Gonarmu ta gado tana jikin tudun gabas da ƙauyenmu, ta wajen Makoɗa, kuma ita kaɗai ke ciyar da gidana da na yayana Dallatu. Ba a raba ta ba, don haka abin da ya ce shi ake yi. Tun zamanin mahaifinmu, da an gama kaka Ja'afaru makiyayi yake sauka da shanunsa a ciki. Su ci kara, su kwana, su bar mana taki. A shekarun da buhun takin zamani ya gagari talaka, kashin shanun nan ne ya rufa mana asiri.

Sai ga wasu samari daga Kano, 'yan kulob ɗin tseren mota. Jama'a na kwana a layin mai, su kuwa jarka-jarka suka zo da shi don wasa. Tudu suke nema mai kwana-kwana, mota ta hau ita kaɗai, a duba agogo a ga wa ya fi sauri. Shugabansu Nababa ya durƙusa ya gai da Dallatu, Baba kaza Baba kaza. Ya ce aron gonarmu suke so, Asabar da Lahadi ne kawai, kuma zai aiko da takin zamani kafin ruwa ya sauka. Sai dai ba a son shanu, kada wata ta gitta a yi haɗari.

Na ce wa Dallatu kada ya saki reshe ya kama ganye, ya ce ban san inda duniya ta dosa ba. Da ƙafarsa ya je ya tari Ja'afaru a burtali, ya ce bana a yi haƙuri.

An ƙone karan, aka kawo tankar ruwa tana jiƙa ƙasa don tayoyi su kama. Dallatu kuma aka ba shi jan ƙyalle, ya tsaya a kan tudu yana kaɗawa idan mota ta iso. Dattijo mai jikoki. Yara na yi masa tafi, ni kuwa takaici ya hana ni ko leƙawa.

Taki ya zo, ba zan yi wa Nababa ƙarya ba. Amma ƙasar ta riga ta zama kamar daɓen ɗaki. Garma ta ƙi shiga. Ruwan farko ya bi sawun tayoyi, ya kwashe takin da ƙasar sama ya zuba a kwari. Gero ya fito tsilli-tsilli, ya tsaya iya gwiwa ya ƙi gaba. 'Yan kulob kuwa sun sami tudun da ya fi namu tsayi, ko sallama ba mu samu ba.

Bayan kaka na raka Dallatu wajen Ja'afaru, wanda yanzu yake sauka a gonar maƙwabcinmu Uwaisu. Ja'afaru ya karɓe mu da fara'a, ya sa aka kawo mana nono. Dallatu ya yi ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya roƙe shi ya dawo. Ja'afaru ya tashi, muka taka tare har gonarmu. Ya soka sandarsa a ƙasa, ta ƙi nutsewa.

"Malam Dallatu, wallahi ban riƙe ka ba," in ji shi. "Amma idan na kawo su, me za su ci?"

Dallatu ya juya ya dubi gonar daga kwari har tudu. Babu karan da zai nuna masa.