Ɗan da Tukunyar Hajiya Biba Ta Haifa

Isufu mutum ne da in sha'awa ta kama shi, sai ta kai shi har wuya. Bara kiwon tantabaru ya sa a gaba, a baranda, hawa na tara a unguwar Minguettes da ke gefen Lyon, har maƙwabta suka kai ƙara. Bana kuwa harbi ne. Ya shiga ƙungiyar masu harbin allo a bayan Vénissieux, ya yi takardunsa tsaf, ya sayi bindiga irin ta zamanin da, wadda ake ɗurawa ta baki. Da tsofaffin ƙungiyar suka ce maharbin ƙwarai shi ke zuba harsashinsa da hannunsa, sai maganar ta hana shi sakat.

Wani tsoho a cikinsu, Gaspard, ya ara masa ƙarfen zubi, ya ba shi dalma. Saura abin narkawa. Isufu ya sauka ɗakin ajiyarsu na ƙarƙashin bene, ya yi ta bincike, sai ga wata baƙar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, nannaɗe cikin zane. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa, wa ke naɗe abin yarwa da atamfa? Isufu bai tambaya ba. Ya ce Allah ne ya kawo.

Yini guda ya yi a gareji yana zufa. Da la'asar ya ƙirga abin da ya samu: ƙwallayen harsashi guda goma sha ɗaya, goma duk sun yamutse kamar busasshen wake, ɗaya ne kawai za a iya nuna wa mutane. Shi ya jefa a aljihu ya kai wa Gaspard, har da hoton tukunyar a waya.

Tsohon ya duba hoton ya ce, "Kyakkyawa ce. Amma daga yau ta gama da abinci. Dalma guba ce, ba ta fita ko ka shekara kana kankarewa. Yara da masu ciki ta fi yi wa illa."

Isufu ya ce ai babu mai girki da ita.

Yana shiga gida matarsa Fatsima ta tare shi. "Bon, Isufu, ka hiddo tukunyar Inna daga kab, ɗakin ajiyarmu na ƙasa. Assabar sunan ɗiyar ƙanwata Zuwaira. Ni gobe zan wuce Paris in taya su aiki, kai ka taho da ita da sahe."

Sai yanzu ya gane ta. Tukunyar surukarsa ce, Hajiya Biba, wadda ta zo da ita daga Tahoua tun Fatsima na goye. Duk gidan da za a yi suna tsakanin Paris da Lyon, a cikinta ake tuƙa tuwo, kuma ba a maida ita wayam, ko goro ne sai an jefa. Bai taɓa ganinta ba sai cike da tuwo, shi ya sa da ya gan ta babu komai bai shaida ta ba.

Kwana biyu yana gurzar ta, da soso, da toka, da sabulu kala uku. Ta yi fes. A jirgin ƙasa ya rungume ta a cinya yana lallashin kansa. Wa zai sani? Ai Bature komai ya ce guba ne. In kuwa ya faɗa, da wane ido zai dubi Hajiya? Tsoron matar nan yake ji, ba na wasa ba.

A La Courneuve, gefen Paris, ya tarar da mata sun cika zauren da aka ara don bikin, an kunna babban murhun gas, tukunya kawai ake jira. Ya durƙusa gaban Hajiya Biba yana riƙe da ita gam.

"Ina kwana, Hajiya? Ina gajiya? Ya sanyi? Ya ƙahwa? Ya mai jego? Ya jinjira? Ya mutanen Tahoua?"

"Lahiya lau. Miƙo ta."

"Ya mutanen Illela? Ya... asansar ɗinku, na'urar hawa benen nan, an gyara?"

"Isufu, mi ka samu? Gaisuwa kazzo yi ko ƙidayar jama'a?"

Fatsima ta fizge tukunyar ta ɗora a wuta. Wata maƙwabciyarsu, Widad, da cikinta haihuwa yau ko gobe, ta kinkimo ruwa tana dariya, tana cewa ƙanzon nata ne, wata uku tana marmarinsa. Yara kuma sun riga sun jeru da kwanoni.

Isufu ya dubi cikin Widad, ya dubi yaran. Bai san lokacin da ya miƙe ba.

"Kar ki zuba! Na narka dalma ciki!"

Ya faɗi komai, da garejin, da Gaspard, da sabulu kala uku. Fatsima ta dafe kai tana salati.

Hajiya Biba ta kashe wutar da kanta. Ta ce, "Nuna mini abin da kayyi."

Ya laluba aljihu ya ɗora mata ɗan ƙwallon dalmar a tafin hannu. Ta kai shi kusa da ido, ta juya shi.

"Suna arba'in da ɗaya wagga tukunya ta ciyar. Yau ta haihu, ɗan ke nan?"

Mata suka fashe da dariya har da riƙe ciki. Hajiya kaɗai ba ta yi ba. Ta shafa gefen tukunyar da bakin mayafinta, idonta ya kawo ruwa, don ta uwarta ce, kuma ita kaɗai ta rage mata daga gida. Isufu ya ji kunyar da bai taɓa jin irinta ba, gara ma a ce zaginsa ta yi.

Maimakon zagi, muciya ta miƙa masa. Ranar shi ya tuƙa tuwon mutum sittin a ƙananan tukwane biyar, mata na gyara masa riƙo, Widad na tsaye a kansa tana jiran ƙanzo. Tuwon ya yi gudaji, aka cinye shi tas.

Da zai koma, Hajiya ta kira shi gefe. Ta ware zanen ta riƙe abinta, ta tura masa tukunyar tsirara.

"Da ka yi shiru ba mai sani. Na gani, kuma ba ni mancewa. Ɗauki, taka ta yanzu." Sai ta jefa ɗan ƙwallon a ciki. "Ba a maida tukunya wayam."

Tun daga Paris har Lyon abin yana gangarawa a cikinta, ƙwal, ƙwal, fasinjoji suna waigowa. Isufu bai sa hannu ya cire shi ba.