Madannai Biyu Masu Jan Farce

Sunana Shitu. Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da makullan siton iri a wata gonar kamfani tsakanin Funtua da Malumfashi. Aji uku na yi a boko na gudu. Lamba dai ina karantawa, iyakata ke nan.

A 1987 aka kawo kwamfuta ofis. Uzoma ke aiki da ita, 'yar Ibo haifaffiyar Funtua, Hausarta har ta fi tawa tsami. Duk irin audugar da aka gwada tsirarsa, ita ke shigar da sakamakon cikin jadawali mai layi-layi, ta ajiye a fayil. Fayilolin suka yi yawa, sunayensu kamar 'yan ɗaki ɗaya. A wannan daminar wani akawu ya buɗe tsohon fayil ya rubuta min lambobi a takarda, na loda wa mutanen Dayi irin da ya faɗi gwaji. Bai tsiro ba. Manaja ya ce in aka kuma, in ajiye makullai in kama gabana.

Shekara ta zagayo, ga Uzoma da tsohon ciki.

Na ce, "Madam, in kin tafi haihuwa wa zai buɗe min abin nan?"

"Kai mana, Baba Shitu."

"Ki bar wasa da furfura."

Ta dubi igiyar da ke ƙuguna. "Makulli goma sha biyu, ya kake gane na ɗakin da ka buɗe ƙarshe?"

"Shi nake mayarwa bakin ƙulli. Wannan ai ko jaki ya sani."

Ta dafa kwamfutar. "To, jakin nan zan koya wa."

Kwana biyu tana ƙwanƙwasa. Sannan ta ɗiga jan farce a kan madannai biyu na kwamfutar, ta ce in na danna su tare, fayil ɗin da aka taɓa ƙarshe shi zai fito. Lambar da ke da tauraro uku a gefe, wannan irin ya faɗi.

Wata ranar Alhamis, bayan ruwan shuka, mijinta Ambrose ya zo a babur ya ce an kai ta asibiti Malumfashi. Ga Aƙilu direba ya ja mota bakin sito, manoman Ƙarfi na jira. Ya tsinci takarda a teburin Uzoma mai lambobin iri, bakwai da tara da sha huɗu, har ya sa an fara lodi.

"Malam Shitu, ga rubutu a takarda, me kuma za ka tambayi talabijin?"

"Takarda ce ta kashe ni bara. Kunna janareta."

Na danna. Abin ya yi gurnani, jadawali ya fito da kwanan watan jiya. Bakwai lafiya, tara lafiya. Sha huɗu, tauraro uku.

Buhu ashirin da shida na lamba sha huɗu muka sauke, Aƙilu na ta mita wai bayansa na ciwo.

Bayan kwana goma na hau keke zuwa Ƙarfi, ban gaya wa kowa ba. Auduga ta fito kunya-kunya, ba giɓi. Na zauna gindin ɗorawa na sha fura kwano guda, abin da na kwana biyu ban iya ba.

Da Uzoma ta dawo da goyo na ce jan farcen ya fara gogewa, ta ƙara.

"Ka biya kwalba tukuna, Baba."

Na saya mata a kasuwar Funtua. Mai shagon ya yi ta kallona.